Kalmar "Avid": Tsakanin Sha'awa da Kwaɗayi

Masu kallo, assalamu alaikum. Kalmar Turancin da za mu duba a yau ita ce "avid", wadda ake ƙarfafa gaɓarta ta farko wajen furtawa. Ana siffanta mutum da ita idan son wani abu ya kama shi sosai, har ya zamana ba ya gajiya da shi. Idan Bature ya ce wata mace "avid reader" ce, yana nufin ba ta rabuwa da littafi, wato irin wadda mu za mu kira mayyar karatu. Haka nan "avid football fan" shi ne mayen ƙwallo, wanda ko ana ruwan sama ba ya bari wasa ya wuce shi. A nan yabo ne, babu zargi a ciki.

Sai dai asalin kalmar yana da wata fuska. Ta fito ne daga "avidus" a harshen Latin, daga aikatau "avere", ma'ana yin marmarin abu, kuma daga wannan tushen ne Turanci ya samo "avarice", wato haɗamar dukiya. Shi ya sa da zarar an biyo ta da "for", sau da yawa ma'anarta takan karkata, domin wanda aka ce "avid for power" ne, kwaɗayin mulki ake jingina masa. A ganina, a nan ne mai fassara ya fi bukatar yin hattara, tunda Hausa ta raba abin da Turanci ya haɗa: sha'awa da ɗoki suna gefe guda, kwaɗayi da zari suna ɗaya gefen, kuma wanda ya kira dattijo mai son karatu makwaɗaici ya yi masa rashin ladabi.

Sunan da aka samo daga kalmar shi ne "avidity", inda ƙarfin furuci yake komawa gaɓa ta biyu. An fi cin karo da shi a rubuce fiye da a hira. Masana garkuwar jiki ma sun are shi, suna nufin jimillar ƙarfin da sinadarin kariya, wato wanda jiki yake samarwa don yaƙar cuta, yake riƙe ƙwayar cuta da shi: nau'in sinadarin da ake kira IgG yana kamawa ta wurare 2, wanda ake kira IgM kuwa ta wurare 10.