Gyaran Mota: Wanne Za Ka Yi da Hannunka, Wanne Za Ka Kai Gareji?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai mota ya koma lissafi, har da tunanin ko ya riƙa gyara abarsa da kansa ya huta da kuɗin bakanike. Idan kana kallon bidiyoyin Amurkawa a YouTube, shawarar da za su ba ka ke nan, kuma suna da hujja. A can da awa ake biyan kuɗin aiki, a garejoji da yawa awa ɗaya ta haura dala 100. Mu nan kuɗin hannun bakanike ba shi ke karya mutum ba. Abin da ke cinye aljihu shi ne kayan gyara, musamman waɗanda aka saya a kan canki-canka. A ce filogi ne, ka saya, mota ba ta daina karkarwa ba. A ce koyil ne, wato abin da ke ba filogi wuta. A ce famfon mai ne. Kafin a gano ciwon, ka riga ka sayi abubuwa uku masu lafiyar ƙalau. To ribar taɓa mota da hannunka a ƙasarmu tana wajen sanin motar ne, yadda ba za a yi gwaji da kuɗinka ba.

Mu buɗe bonet. Wannan sandar mai kan ruwan ɗorawa ita ce gejin baƙin mai. Ajiye mota a wuri mai daidaito, kashe inji, bari ya huce, zaro ta, goge da tsumma, mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. Idan ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, kada ka tayar da ita, galibi gasket ce ta ƙone. Sannan kalli murfin da ake zuba man ko littafin motar. In an rubuta 5W-30 ko 0W-20, shi injin ke so. Yawancinmu 20W-50 ake ɗura mana saboda wai ƙasarmu da zafi, alhali injinan zamani ƙofofin mansu ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin kaiwa sama da safe.

Filtar iska kuwa ko sifana ba ta buƙata a motoci da yawa, 'yan maƙalai ne za ka ɓalle. Da ƙurar hunturu irin tamu, ka riƙa leƙa ta. Fiyus, kwan fitila, robar goge gilashi, duk naka ne. Batir ma haka: in ka ga farin gari ya taru a kawunansa, cire na nagatif tukuna, wato mai alamar ragewa, ka goge, wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe. Iskar taya, adadinta na jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ba lambar da ke jikin tayar ba, wadda mai faci ke yawan bi. Ga kuma lambobi huɗu a gefen taya: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Duba wannan kafin ka sayi taya 'yar Belgium.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk sifanun da za ka saya amfani. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga wani soket mai ramuka 16. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur kuma daga 2001, kuma yawancin Corolla da Camry da Accord da ke kan titunanmu daga can suka fito. Sunansa OBD2. Akwai 'yar na'ura da ake soka wa a nan ta haɗu da wayarka, ta karanto maka abin da ya sa fitilar inji ta kama. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta daidai. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. Amma a kula, ita lambar, unguwar da ciwon yake kawai take nuna maka, ba ta ce je ka sayi kaza ba. P0171 na iya zama tiyo ne kawai ya tsage. Duk da haka, wanda ya shiga gareji ya ce "Oga, silinda ta ɗaya ce, mu musanya koyil ɗinta da na ta biyu mu ga ko matsalar za ta bi shi", ba za a tura shi kasuwa sau uku ba.

Sanin motar ne kuma zai ba ka bakin cewa a'a. Akwai kanikawa da ke cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da zarar mota ta yi zafi, su haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Injin an tsara shi ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu sanyi yake, ta yi ta ƙara masa fetur, kai kuma kana biya a gidan mai. Haka abin da ke cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda ake kira indomi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da kasuwa. Duk wanda ya ce a fasa a cire maka shi, ka fara tambayar dalili, ka kuma tambayi inda za a kai shi.

Abin da ba naka ba fa? Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka yi kuskure, me zai biyo baya? Kuskuren filtar iska asarar minti goma ce. Kuskuren birki rai ne, naka da na wasu. Bel ɗin taimin in ya goce, a wasu injinan fistin zai daki bawul, aikin ya koma sauke inji. Giyabos na otomatik, jakar iska ta sitiyari, da wayoyin nan masu ruwan lemo na motocin haibirid irin Prius, waɗanda ke ɗauke da wuta sama da bolt 200, duk ka bar wa masu su. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

In za ka kai, ka kai wa wanda ya ƙware a irin motarka, domin mai Peugeot daban, mai Honda daban, mai waya daban. Ku yanke kuɗin aiki kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. In da hali ku je sayen kayan tare, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, saboda shi ya fi ka gane jabu, kai kuma ka ga farashi da idonka. Idan an gama, ka ce a sa maka tsohon kayan da aka cire a but, ka rubuta ranar da lambar kilomita a ɗan littafin da kake ajiyewa cikin motar.