Lacca: Haɗa maganin wanke shawa da bahon wanka a gida

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Kafin mu taɓa kwalba ko cokali, ina so mu fara sanin dauɗar da muke faɗa da ita, domin galibin masu cewa haɗin gida ba ya aiki, dauɗar ce ba su gane ba.

Farin abin nan da ke manne wa tayil da gilashi da kan famfo iri biyu ne. Akwai ɓawon ma'adanai, mai kama da alli, wanda ruwa ke bari idan ya bushe, musamman ruwan da ke ɗauke da kalsiyam da yawa. Za ku gane irin wannan ruwa da yadda sabulu ke wahalar yin kumfa da shi. Sannan akwai dafkar sabulu, wato sabulu ya haɗu da ma'adanan nan da maiƙon jiki, ya zama wani dandaƙo mai santsi a gefen baho. Ɓawon ma'adanai tsami ne ke narkar da shi. Maiƙo kuwa sai sabulun wanke-wanke. Shi ya sa haɗinmu ya ƙunshi duka biyun.

Ku samo farin ruwan khal, wanda ƙarfin tsaminsa yake kashi 5 cikin 100, za ku gani a jikin kwalbar. Ku auna kofi 1, kimanin mililita 250, ku ɗumama shi, ɗumi kawai, kada ya tafasa, don tururinsa na shaƙe mutum. Ku zuba a gorar feshi, ku ƙara sabulun ruwa na wanke-wanke. Za ku ji ana cewa a zuba su daidai wa daida. Ni ban goyi bayan haka ba sai ga bahon da ya daɗe bai ga wanki ba, saboda kumfar kan yi yawa, ɗauraya ta cinye ruwa da lokaci. Babban cokali 2 zuwa 3 ya wadatar a wankin mako-mako. A juya gorar a hankali, kada a girgiza.

A fesa daga sama zuwa ƙasa, a bar shi minti 15, ko 30 idan dauɗar ta kama. Nan ne hikimar sabulun ta biyu take: yana ba ruwan khal kauri, ya sa ya tsaya a jikin bango maimakon ya gangare. Amma kada a bari ya bushe, in ya fara bushewa a sake fesawa. Sai a goge da soso mai laushi, a ɗauraye sosai da ruwa mai ɗumi. Na ce sosai, kuma ina maimaitawa, domin ragowar sabulu a ƙasan baho santsi ne, yaro ko tsoho na iya zamewa ya ji mummunan rauni.

To, ina bekin soda, wato farin garin nan da ake sa wa kek don ya tashi? A nan mutane suka fi ruɗewa. Suna zuba shi cikin ruwan khal, su ga ya taso yana kumfa, su ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Alhali kashe juna suke yi, ɗaya tsami ne, ɗaya kishiyar tsami. Abin da ke saura ruwa ne da wani ɗan gishiri, kumfar kuma iska ce ke fita. Idan aka rufe su a gora ɗaya, iskar na iya kumbura gorar har ta ɓalle murfi. Aikin bekin soda shi ne kankara. A kwaɓa cokali 3 da ruwa cokali 1 ya yi kauri kamar man goge baki, a shafa a zoben dauɗar da ke zagaye baho da layukan da ke tsakanin tayil, a bar shi minti 10, a dirje da tsohon burushin haƙori, a wanke. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusanci bahon roba, yana karce shi, kuma kowane karce gidan dauɗa ne.

Kan shawar da ramukansa suka toshe, ku zuba ruwan khal a leda, ku cusa kan a ciki, ku ɗaure da roba. Awa 1 ta isa. Idan mai ruwan zinariya ne ko tagulla, kada ya wuce minti 30, tsami na dusashe ƙyallinsa. Bayan nan a buɗe ruwa ya wanke ramukan.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku. Kada ku taɓa haɗa ruwan khal da bilic, ko a gora ko a kan bango. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin, guba ce mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, banɗaki kuma ƙaramin ɗaki ne a rufe. Wanda ya ji idonsa na yaji yana tari, ya fita nan take ya bar ƙofa a buɗe, idan numfashi ya yi wuya a tafi asibiti. Haka nan kada ruwan khal ko lemun tsami ya taɓa mabul. Mabul da ɓawon da muke narkarwa asalinsu ɗaya ne, don haka tsamin zai ci dutsen ya bar tabon da ba ya gogewa. A can sabulu da ruwa kawai.

Wata Hajiya ta yi tambaya kan baƙar funfunar da ke bin silikon, wato robar nan da ake toshe kafa da ita a gefen baho. Hajiya, in a sama take, haidurojin feroksaid, wato wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta, mai kashi 3 cikin 100 zai taimaka, a fesa shi shi kaɗai, a jira minti 10, a goge. Idan baƙin ya ƙi tashi bayan wanki biyu, ya riga ya shige cikin silikon ɗin, sai dai a ɓamɓare a sa sabo, a bar wurin ya bushe na kwana guda kafin ruwa ya taɓa shi. Kuma a riƙa buɗe taga ko a kunna fanka bayan kowane wanka, don laima ce ke dawo da ita.