Jawabin Maraba Daga Kwamitin Al'ummar Baturin

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. A madadin dattawa, malaman makaranta, manoma da masuntan wannan gari, muna yi maka barka da zuwa Baturin. Kowa ya san nauyin da ke kanka da irin hidimar da kake yi wa Yukren a wannan lokaci na yaƙi, don haka ba za mu cinye maka rana da yabo ba. Tun da ka taka ƙafarka har nan, bari mu fara da abin da ya hana mu barci: kogin Seim.

A watan Agustan 2024 ruwan Seim ya rikiɗe ya yi baƙi. Gurɓatar ta gangaro ne daga tsallaken iyaka, ta ɓangaren Tiyotkino a yankin Kursk na Rasha, ta bi ta gabanmu har ta shiga kogin Desna. Mun ga tarwada masu tsawon hannun mutum sun taso ciki sama, sun cika gaɓa. Mazajen da suka tsufa a kan kwalekwale su ne suka sa safar hannu suna cusa mushen kifi a buhu, a kai rami a binne, ga wari ya hana a buɗe taga. Muna roƙonka a kafa mana tashar gwajin ruwa ta dindindin ta ɓangaren da ruwan kogin ke gangarowa, wadda za ta sanar da mu kafin dafi ya iso, kuma a zuba sabon irin kifi.

Ranka ya daɗe, garin da ke wannan roƙo ba ƙauye ba ne, ko da ƙanƙantarsa ta ruɗi baƙo. Daga 1669 zuwa 1708 a nan fadar Hetman take, wato shugaban mayaƙan Kosak. Demiyan Mnohohirishni, Iban Samoilobic da Iban Mazepa duk daga nan suka yi mulki. Da Mazepa ya haɗa kai da Sarki Charles na 12 na Suwidin, wanda ke yaƙi da Rasha a lokacin, sai Sarkin Rasha Peter na Ɗaya ya turo kwamandan sojansa Menshikof. A watan Nuwamban 1708 aka ci garin, aka ƙone shi ƙurmus, aka karkashe mutane fiye da 10,000. Masu tonon tarihi sun tono ƙasusuwan mata da ƙananan yara a ƙasar nan da kake tsaye a kai. Yau gaba ɗayanmu ba mu kai 3,000 ba.

Duk da haka garin ya sake tashi. A 1750 sabon Hetman, Kirilo Rozumobski, ya maido da fadar Hetman nan, har Sarauniyar Rasha Catherine ta Biyu ta soke sarautar a 1764. Gidan sarautar da ya gina bisa zanen Charles Cameron tsakanin 1799 da 1803, bai samu ya zauna a ciki ba, a 1803 ɗin ya rasu. Ginin ya yi kusan shekara 200 a kango kafin a gyara shi a buɗe a 2009, shekara guda bayan an ba mu matsayin birni.

Wannan tarihin shi ne abincinmu. Ba mu da wata babbar masana'anta. Muna noman masara da dankali, muna kiwo, sauran kuma baƙi ne: motocin 'yan makaranta da ke zuwa ganin ganuwar katako da gidan Kocubei, babban alƙalin zamanin Mazepa, su sayi zuma da tsaraba a hannun matanmu. Tun Fabrairun 2022 baƙi sun ragu, samarinmu suna fagen daga, wasu kuma mun raka su makwanci. Abin da ya rage wa tsoho shi ne komarsa, wa yaro kuma wanka a gaɓa da bazara, sai ga shi kogin ma an taɓa shi.

Akwai batun gyaran mafakar yara ta ƙarƙashin ƙasa da na titunan cikin gari, duk mun rubuta su a takardar da shugabar kwamiti za ta miƙa maka. Amma in guda ɗaya za ka iya ɗauka zuwa Kiyef, to ɗauki na ruwa. Bayan an tashi daga nan, masuntanmu suna jiranka a gaɓa, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa, za su nuna maka inda suka kwashe kifin.

Barka da zuwa, ranka ya daɗe.