Daga Ina Turawa Suka Samo Sunayen Cututtuka?

Laccar da aka yi wa ɗaliban aikin jinya a Gusau, an rubuto ta daga faifai.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Kalmomi huɗu na zo da su yau, in lokaci ya bari.

Ta farko, malaria. Kowa a ɗakin nan ya rubuta ta a jarrabawa, wasunku ma sun kwanta da ita a daminar nan. Daga Italiyanci take, mala aria, wato muguwar iska. Mutanen Italiya na da sun lura cewa duk mai zama kusa da fadama, inda ruwa ya kwanta, zazzaɓi ba ya barinsa, sai suka ɗora wa warin fadamar laifi. Kada ku yi musu dariya. Sun ga fadama, sun ga zazzaɓi, sauron da ke tsakani ne ya ɓace musu. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci. A 1897 kuma Ronald Ross, a Indiya, ya same ta a cikin cikin sauro. An gano gaskiya, amma suna ya riga ya zauna, har gobe muguwar iska ake cewa.

Mu fa me muke cewa? Ku faɗa da ƙarfi. Yawwa, zazzaɓin cizon sauro! Namu ya faɗi mai laifi. Ina son wannan suna ƙwarai, ina sonsa. Idan uwa ta zo daga Talata Mafara, gidansu na bakin gonakin shinkafar Bakolori, kika ce mata zazzaɓin cizon sauro ne, kin gama rabin bayanin gidan sauro. Amma ki fassara mata kalmar Turawa, ki ce muguwar iska ce ta kama ɗanta, ina za ta nufa? Ai kun sani, wurin mai rukiyya ko boka, domin iska a wurinmu wani abu ne daban. Don Allah ku riƙa faɗin namu a ɗakin jinya.

Ta biyu da sauri, vaccine. Vacca saniya ce a Latin. A 1796 Edward Jenner a Ingila ya yi amfani da ƙurajen shanu wajen kare yaro daga agana, shi ke nan allurar rigakafi ta gaji sunan saniya. Fulanin da ke nan, ku ɗaga kai.

Ta uku, ko ta huɗu ce? Bari dai. Alcohol, wanda kuke goge fata da shi kafin allura, daga Larabci al-kuhl yake, kwallin nan na ido. Da farko gari mai laushi ake nufi, daga baya ya koma duk abin da aka tace.

Na'am 'yata, ga hannunki a sama.

Wata ɗaliba: Malam, ni 'yar Anka ce. Me ya sa ake rubuta dalma da Pb?

Allah ya yi miki albarka. Plumbum ne sunanta a Latin. Rumawa da ita suke ƙera bututun ruwa, shi ya sa Bature ke kiran mai gyaran famfo plumber. Amma ke 'yar Anka, kin san dalma fiye da littafi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin gidaje, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, yara sama da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Abin da ke ci mini rai, yaro zai zo da amai da jijjiga, sai a ɗauka zazzaɓi ne. To in kin fara aiki, aka kawo miki yaro yana jijjiga, an ba shi maganin zazzaɓi bai ji sauƙi ba, ki tambayi uwar ko ana daka dutse a gidansu, ko mijinta yana dawowa daga haƙar ma'adinai da ƙura a tufafinsa. Sannan ki nemi a gwada jininsa.