Hirar Bayan Isha'i: Farawla da cakulan a zafin Jidda

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Jidda. Yau Sadiya ce ta zo mana da zance, ga kuma Malam Nasiru yana ta murmushi tun ba a fara ba.

Sadiya: Hajiya, zancen farawla ne, wato sitiroberi, wadda ake tsomawa a cakulan a yi mata ado. Yanzu da wuya ki je walimar ɗaurin aure ba ki ga tire guda ba.

Nasiru: Ni dai koyo na zo. Uwargida tana so, amma kuɗin da shaguna ke yanka wa ƙaramin kwali ya fi ƙarfin aljihun direba.

Hajiya Rabi: To madalla. Maza, kun dai ji.

Sadiya: Yaya Nasiru, daga wurin saye ake farawa. Lokacin sanyi ne kakarta, ta Masar tana cika kasuwa, ga kuma ta gonakin Ɗa'if da Hada, inda tsaunin ke da sanyi. Ka zaɓi mai tauri, ja har wuya, ganyenta kore shar, domin ita ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta.

Hajiya Rabi: Ai ko a gida Jos ce ke nomanta, saboda sanyin nan dai.

Sadiya: Haka ne. To ga inda mutane ke faɗuwa: ruwa. Ka wanke, ka shanya a kan tawul, ka bi kowace ɗaya ka tsane ta har ƙarƙashin ganye. Ɗigo ɗaya ya shiga narkakken cakulan, sai ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki, ba zai ƙara tsomuwa ba. Kuma kada ka ɗauko ta daga firji ka tsoma kai tsaye. Bari ta huce sanyin tukuna, in ba haka ba za ta yi gumi a ƙarƙashin cakulan ɗin ya ɓare.

Nasiru: To narkarwar fa? In ɗora a wuta kawai?

Sadiya: A'a, ka rufa mana asiri! Ƙonewa zai yi. Ruwa kaɗan za ka sa a tukunya ya yi zafi, ka ɗora kwano a kai, kada gindinsa ya taɓa ruwan. Ka raba cakulan ɗin kashi uku, ka narkar da biyu. In baƙi ne, ya kai digiri 45 zuwa 50. Sai ka sauke, ka zuba kashin da ya rage a yayyanke, ka yi ta juyawa har ya sauko 31 ko 32. Mai madara da fari sun fi son ƙasa da haka, wajen 29.

Hajiya Rabi: Ke Sadiya, wa ke da ma'aunin zafi a kicin? Mu da muka saba auna ruwan tuwo da ido.

Sadiya: Akwai dabara, Hajiya. Ki tsoma bakin cokali ki ajiye. In cikin minti biyar ya daskare yana sheƙi, ya yi. In ya tsaya yana danƙo, ki ƙara juyawa. Wahalar nan duk saboda man ƙwayar kokon da ake yin cakulan da ita ne, shi ke sa ya yi ƙyalli ya kuma karye ƙas a baki. Wanda ba ya son dogon aiki ya sayi irin na masu kek, mai man ganye. Narkarwa kawai yake so, kuma ya fi jure zafi, sai dai ɗanɗanon bai kai ba.

Hajiya Rabi: Ni kam a Jidda shi zan saya. Garin da zafi ke haura digiri 40, ga laimar teku?

Sadiya: Shi ya sa sai a ɗaki mai esi. Ka riƙe ta ta ganye, ka tsoma, ka bar ɗan jan ya fito a sama, ka jera a kan takardar gasa kek. Adon kuwa, ka zuba farin cakulan a ƙaramar leda ka yanke bakinta siriri, ka ja zare kamar mai zanen lalle. Dakakken fustuƙ, wato pistachio, ko kwakwa kuma tun bai bushe ba ake barbaɗawa. Kalar abinci mai ruwa kada ta kusanci wurin, sai mai maiƙo.

Nasiru: Na yi yau, in kai mata jibi?

Sadiya: Ina! Ranar da aka yi ake ci, iyakarta washegari. Farawla tana fitar da ruwa. In dole sai ta jira, ka shimfiɗa tishu a ƙasan mazubi ka sa a firji, kada ka rufe ruf.

Hajiya Rabi: Wanda ke son mai daɗewa ya koma ga dabino. Sukkari na yankin Ƙasim, a cire ƙwallon a cusa lauz, wato almond, a tsoma, ya yi kwanaki lafiya lau.

Nasiru: Wannan na surukata ne. Ita uwargida farawlar ta ce.

Hajiya Rabi: To ranar Alhamis ka shiga kicin, ka kuma wanke kwanonin da kanka. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.