Idan ƙwayar cuta ta kama bututun da aka dasa a babbar jijiyar jini

Assalamu alaikum jama'ar Agege, Idi-Araba, Obalende da duk inda kuke kallonmu a Legas.

Awota ita ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta gangaro cikin ciki, ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Idan ta kumbura tana neman fashewa, ko ta toshe, likitoci kan sa bututun da aka saƙa da zaren roba mai suna Dacron a madadin wurin da ya lalace. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna zaune lafiya. Amma kaɗan daga cikinsu ƙwayar cuta kan kama bututun, wani bayan wata biyu, wani bayan shekaru.

Bututun nan ba nama ba ne, jini ba ya ratsa jikinsa. Ƙwayoyin cutar sai su manne masa, su lulluɓe kansu da yauƙi irin na cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Magani ya bi jini ya zo, ya kasa huda yauƙin. Shi ya sa ƙwayoyin kemis kan kwantar da zazzaɓi mako ɗaya, ya sake dawowa.

Abin da ke damuna shi ne, a nan kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod. Wanda aka sa wa bututu, ko a Indiya ne ko Masar, in ya ga zazzaɓi ya ƙi tafiya, ga rama, ga ciwon baya, ko mugunya na fita a matsematsi, ya ɗauki takardun aikinsa ya nufi asibitin koyarwa, kamar LUTH ko LASUTH. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa, ko ya tsaya da kansa, a tafi a daren. Wataƙila bututun ya ci hanji ne, kuma zubar jinin da ke biyo baya tana kisa.

Za a ɗebi jini a gano ƙwayar, a yi hoton CT a duba ruwa ko iska a gefen bututun.

Aikin kansa babba ne: a cire bututun, a kankare duk naman da ya ruɓe. To jini ta ina zai kai ƙafafu? Tsohuwar hanya ita ce a ɗinke bakin awotar, a jawo sabon bututu daga jijiyar hammata, ta ƙarƙashin fata, zuwa cinyoyi biyu. Haɗarinta, ɗinkin na iya ɓallewa, bututun kuma na iya toshewa.

Hanya ta biyu, a sake gina jijiyar a mazauninta. A 1993 Dokta Clagett na Dallas a Amurka ya bayyana yadda ake ciro babbar jijiyar cinyar majinyacin mai mayar da jini zuciya, a ɗinka ta a wurin. Naman mutum ne da kansa, don haka ya fi jure ƙwayar cuta, sai dai aikin na cin sa'o'i da yawa, ƙafa kuma kan kumbura. Akwai masu amfani da jijiyar mamaci da aka daskarar, ko tantanin zuciyar saniya da aka sarrafa, ko bututun da aka jiƙa da maganin kashe ƙwayar cuta mai suna rifamfisin. Sannan a naɗe shi da kitsen da ke rufe hanji.

Bayan aiki ana shan magani aƙalla mako 6. Dattijon da jikinsa ba zai ɗauki wannan tiyata ba, akan zuƙe mugunyar, a ɗora shi kan magani na dogon lokaci, wani har ƙarshen rayuwa.