Amsoshin Tambayoyinku: Fita Yawon Ƙarshen Mako da Iyali da Abincin Hanya

Assalamu alaikum masu sauraronmu, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓa a yau sun haɗu a kan magana ɗaya, wato fitar da magidanci kan yi da iyalinsa zuwa wani birni a ƙarshen mako, a kwana ɗaya ko biyu a komo gida, da abin da ake ci a kan hanya da can inda aka sauka.

Wasiƙar farko daga wata uwa ce mai 'ya'ya uku. Ta ce shekaru biyu da suka wuce maigidanta ya kai su wani birni, suka shiga gidan tarihi da gidan namun daji, suka ɗauki hotuna masu yawa. Amma har yau idan yaran suka ɗauko hirar wannan tafiya, ba abin da suke ambato sai gasasshen kifin da suka ci a bakin ruwa da yammacin ranar da za su dawo, suna zaune a ƙasa, kowa hannunsa a faranti ɗaya. Tana tambaya ko kuɗin da aka kashe wajen shiga waɗancan wurare ya tafi a banza ke nan.

Malama, bai tafi a banza ba, kuma abin da kika lura da shi yana da tushe a yadda aka halicci ɗan Adam. Mafi yawan abin da muke kira daɗin abinci hanci ne ke jin sa. Harshe yana bambance zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da kuma ɗanɗanon romo, sauran kuwa ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci yayin da ake tauna, shi ya sa mai mura kan ce abinci ya yi masa salam. A 1991 wasu masana biyu na Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano ƙwayoyin halittar da ke ba hanci ikon tantance ƙamshi, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2004. Mutum yana da kimanin iri 400 na waɗannan masu karɓar ƙamshi, kuma saƙon da suke aikawa yana isa kai tsaye sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe tunani da motsin zuciya, ba ya bin doguwar hanyar da saƙon ido da na kunne ke bi. Saboda haka ƙamshin da yaro ya shaƙa yana cikin farin ciki yakan ɗaure da wannan farin cikin, ya daɗe bai kwance ba.

Akwai kuma dalili na biyu a cikin wasiƙarki, domin kin ce a yammacin ranar dawowa aka ci kifin. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman, wanda ya samu lambar Nobel a 2002, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa idan mutum ya waiwayi wani abu da ya faru da shi, hukuncinsa kan rataya ne a kan lokacin da abin ya kai ƙololuwa da kuma yadda ya ƙare, tsawonsa bai cika shiga lissafi ba. Yaranki sun samu ƙololuwar da ƙarshen a zama ɗaya. A ganina, abin da suka riƙe ya wuce kifi: sun riƙe sa'ar da mahaifinsu bai duba agogo ba, ke ma ba ki ce su yi sauri ba. Shawarata ita ce a tafiya ta gaba ku rubuta zaman cin abinci a cikin tsarinku kamar yadda kuke rubuta gidan tarihi, ku ba shi lokacinsa cikakke, ku kuma bar mafi daɗinsa zuwa ranar dawowa. Abin da suka gani a gidan tarihin yana nan a kwance, zai taso ranar da malami ya ambaci wani abu a aji suka ce ai mun taɓa gani da idonmu.

Wasiƙa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Wani magidanci ya rubuto cewa fitarsu ta ƙarshe a asibiti ta ƙare, domin yaransa biyu sun kwana suna amai da gudawa. Matarsa ta ɗora laifin a kan abincin da suka saya a hanya, shi kuma yana zargin shinkafar da aka dafa tun asuba aka zuba a kula, ba a buɗe ta ba sai bayan la'asar. Yana so a faɗa masa wanne ya fi aminci, guzurin gida ko abincin saye.

Malam, Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Damuwarka tana kan hanya, domin ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo a kowace shekara sakamakon gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu na rasa rayukansu, kuma 125,000 daga waɗanda ke rasuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙwayoyin cuta ba sa tambayar ko a gida aka dafa abinci ko a kasuwa; abin da suke buƙata shi ne ɗumi da lokaci. Suna hayayyafa da sauri a tsakanin digiri 5 zuwa digiri 60 a ma'aunin Selshiyas, kuma a yanayin da ya yi musu daidai wasunsu kan ninka yawansu a cikin minti ashirin. Wannan ne ya sa hukumar ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba kuma a cikin sanyi ba. Kula tana rage saurin hucewa ne kawai, ba murhu ba ce, kuma abincin da aka zuba da asuba, kafin la'asar ya daɗe da faɗawa cikin wannan tsakani mai haɗari, musamman idan kular tana bayan motar da rana ke duka.

Zarginka a kan shinkafar yana da ƙarfi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa a cikin wani ɓawo mai tauri wanda tafasa ba ta kashe shi. Idan shinkafa ta huce a hankali ta zauna da ɗumi-ɗumi, ƙwayar sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma wannan guba ko an sake ɗumama abincin ba ta mutuwa. Alamarta ita ce amai da ke farawa cikin sa'a ɗaya zuwa shida bayan cin abincin. Don haka ku tuna lokacin da yaran suka fara amai da abin da suka ci kafin nan, zai taimaka muku ku gane inda matsalar ta fito, ba tare da kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi ba.

Idan za a yi guzuri, a fi karkata ga abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar burodi da busassun kayan ci da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su ayaba da lemo. Dafaffen abinci kuwa a ci shi a zangon farko. Nama da kaza da ƙwai da madara, idan dole sai an tafi da su, a sanyaya su sosai tun daga gida a jera su da ƙanƙara. Idan kuma saye za a yi, ni a kullum nakan zaɓi inda aka dafa a gabana aka miƙo mini yana tururi, da inda mutanen garin suka yi layi, domin tukunyar da ake yawan ɗiba ba ta barin abinci ya kwana. Kyawun kujeru da hasken fitila ba shaidar tsafta ba ne. A duba ko wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ita ke yanka dafaffe, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ke ɗibar abinci, ko akwai ruwa da sabulu a wurin. A guji yankakkun 'ya'yan itatuwa da suka daɗe a buɗe, da ɗanyen ganye, da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Wankin hannun yara da sabulu na daƙiƙa ashirin kafin a zauna yana rufe wata ƙofar da sau da yawa ta nan cutar ke shigowa, alhali ana can ana zargin mai abinci.

Tun da yake ba a fafe gora ranar tafiya, ka saka 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti a cikin jaka tun kafin a tashi. Idan babu, ana haɗawa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. Idan ka ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi laushi ba ya kuzari, kada ka jira sai an koma gida, ka nemi asibiti mafi kusa a garin da kuke.

Wata mai sauraro kuma ta ce 'yarta mai shekara shida ba ta taɓa yin tafiyar sa'a ɗaya a mota ba ta yi amai ba, har ta kai ga tana hana ta abinci tun daga safe, amma abin bai sauya ba.

Malama, ki daina hana ta abinci, domin wofin ciki yana ƙara tashin zuciya. Abin da ke faruwa shi ne saɓani tsakanin ido da cikin kunne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi, to idan yarinya ta sunkuya tana kallon waya ko littafi, ido sai ya ce a zaune ake wuri ɗaya, kunne ya ce ana tafiya, daga nan jiri da amai su biyo baya. Abin ya fi kama yara masu shekara biyu zuwa goma sha biyu, kuma yawancinsu yana raguwa idan sun girma. Ki ba ta abinci mara maiƙo, ɗan kaɗan, kamar sa'a ɗaya kafin a tashi. Ki zaunar da ita a baya inda za ta iya hango hanya ta gilashin gaba, a ɗaure ta da bel, a sassauta taga iska ta shigo, a kuma karɓe wayar. Abinci mai ƙarfin ƙamshi da turare mai nauyi a bar su sai an sauka. Akwai magungunan da ake sha kafin tafiya, amma kada a ba yarinya sai da shawarar likita, domin wasunsu na sa barci kuma adadinsu ya danganta da shekaru.

Wani bawan Allah ya tambaya a taƙaice ko gaskiya ne cin abinci mai nauyi da rana na sa direba gyangyaɗi. Gaskiya ne, Malam. Jikin mutum dama yakan yi sanyi tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na yamma ko bai ci komai ba, cikar ciki kuma sai ta ƙara masa. Dokokin hanya na Birtaniya sun ba da shawarar a huta aƙalla minti goma sha biyar bayan kowace sa'a biyu ta tuƙi, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. Ka ci kaɗan a hanya, babban cin ka bar shi sai ka ajiye mota. Idan kun tsaya sayen abinci, kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na ɗan lokaci ne, domin zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri goma a cikin minti goma.

Wasiƙar da za mu rufe da ita daga wani matashi ce da ke son ya fita da mahaifiyarsa tare da matarsa da yaransa. Mahaifiyar tana da ciwon sukari, shi kuma ya tsara wurare bakwai da za su ziyarta daga safiyar Asabar zuwa yammacin Lahadi, yana tambaya ko tsarin ya yi.

Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiya a irin wannan fita. Amma wurare bakwai sun yi yawa, ka rage su zuwa uku, ka kuma gina tsarin a kan lokutan cin abincinta. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan wasu daga cikin ƙwayoyin rage sukari, idan abinci ya yi jinkiri alhali ana ta yawo a ƙafa, sukarinsa na iya faɗuwa, ya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa. Ka riƙe wani abu mai zaƙi a aljihunka saboda irin wannan lokaci, maganinta ya kasance a jakar hannu, insulin kuma kada ya zauna a cikin zafin mota. Ka nemi masauki kusa da wuraren da za ku je domin ta samu ta kishingiɗa da rana. Sannan ka tambaye ta abin da take marmarin ci tun kafin ku tashi, domin iyaye mata da yawa ba za su faɗa ba sai an tambaya, za su ce duk abin da yara ke so ya yi. Idan ta faɗa, ka nemi inda ake yin sa da kyau a birnin, ka tambayi likitanta gwargwadon da za ta iya ci, ku zauna ita da jikokinta ba tare da gaggawa ba.

Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai a shiri na gaba idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.